Bindigar farauta tana riƙe kwanso, wani lokaci ta ƙi tashi: daga ina za a fara?

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da bindigar farauta lamba 12, irin wadda ake jan mariƙinta baya a tura gaba, da ake ce wa fom-akshan, kuma da takardunta. Tun da damina ta wuce ta canza mini. In na harba, mariƙin sai ya ƙi dawowa, sai na buga gindinta da ƙasa sannan kwanson ya fito. Wani lokaci harsashi yakan kuɓuce daga bututun ƙasa, wanda ake loda harsasai a ciki, ya cije komai. Ran nan kuma na ja kunama ta yi ƙas, ba ta tashi ba. Wani maƙeri a garinmu ya ce in kawo ya bi cikinta da magagari. In kai masa?

Amsa: Wa alaikumus salam, ɗan'uwa. Kada ka kai masa, aƙalla ba don wannan aikin ba. Ba raina shi nake yi ba, maƙeranmu sun san bindigar toka ciki da waje, amma wannan wata aba ce daban. Magagari ƙarfe yake ci, kuma ƙarfen da aka cinye ba ya dawowa. Matsaloli ukun da ka lissafa, a mafi yawan lokuta babu wadda yawan ƙarfe ke jawowa. Tsatsa ce, ko dauɗa, ko harsashin da kake sawa, ko kuma hannunka. Sai an kore waɗannan huɗun ake maganar wani abu ya karye. Buga gindinta da ƙasa kuma ka daina daga yau. Katakon yana tsagewa daga wuya, sandunan mariƙi suna lanƙwashewa, kuma lokacin da kake bugawar bakin bindigar yana kallon sama ne, kusa da fuskarka. Ranar da abin da ke ciki ya zama ba kwanso ba ne, harsashi ne da bai tashi ba, ba na son in faɗi sauran.

Kafin ka taɓa komai, ka sa maɓallin tsaro, ka juya bakinta inda babu mutum babu dabba, ka fitar da harsasai duka. Ka leƙa mazaunin harsashi, wato gindin bututun harbi inda harsashi ke zama kafin ya tashi, da ido, ka sa yatsa ka taɓa, sannan ka leƙa bakin bututun ƙasa har ka ga ƙoƙon da ke turo harsashi, ba gindin wani harsashin ba. Harsasan da ka cire ka kai su wani ɗaki, kada su zauna a tabarmar da kake aiki.

Ba ka faɗi ƙirarta ba, to ga yadda za ka gane danginta. Yawancin waɗannan bindigogi tsarin biyu suke bi, dukansu na Amurka. Akwai Remington 870 da ta fito a 1950, uwar jikinta, wato akwatin tsakiya da ke ɗauke da kayan ciki, ƙarfe ce, maɓallin tsaronta yana bayan kunama, kuma ƙusoshi biyu ke riƙe da gidan kunamar. Akwai Mossberg 500 ta farkon shekarun 1960, uwar jikinta alminiyam, maɓallin tsaronta a sama inda babban yatsa ke sauka, ƙusa ɗaya ke riƙe gidan kunama. Maverick 88 'yar gidan Mossberg ce, sai dai nata maɓallin yana gaban kunama. Da yawa daga cikin waɗanda ake ƙerawa a Turkiyya da Sin ɗaya daga cikin biyun nan suka kwaikwaya ko suka haɗa. Inda aikinsu ya bambanta zan faɗa maka.

Abin da zai taimake ka ya fi kowane kayan aiki shi ne ka san jerin abin da ke faruwa a ciki. In ka ja mariƙi baya, sandunan ƙarfe biyu da ke manne da shi su ja sakata, wato ƙarfen da ke rufe bayan harsashi, makullinta ya sauka daga gurbinsa a gindin bututu, ƙugiyar da ke fuskar sakatar ta jawo kwanso, wani ɗan ƙarfe a bangon hagu ya doke shi ya fice ta tagar da ke gefen bindiga, gudumar ciki ta ɗanu, sannan daf da ƙarshen ja sabon harsashi ya fito daga bututun ƙasa ya kwanta a cokali, wato ɗan faifan ƙarfen da ke ɗaga harsashi. In ka tura gaba, cokali ya ɗaga shi, sakata ta tura shi mazauninsa, makulli ya hau ya kulle. Duk wata matsala a ɗaya daga cikin matakan nan take tsayawa. Don haka "ta cije" ba bayani ba ne. A ina ta cije, mariƙi yana gaba, yana tsakiya ko yana baya? Amsar wannan ita ke nuna inda za a duba.

Bari mu fara da kwanson da ke maƙalewa, don ina ganin nan ne babbar matsalarka, kuma kalmar da ta ja hankalina a tambayarka ita ce damina. Lokacin da harsashi ya tashi, gindin kwanson yana buɗewa ya manne da bangon mazauninsa, sannan ya ɗan koma. In bangon sumul yake, ƙugiya na taɓa shi zai biyo ta. In tsatsa ta yi masa kaushi, ko guntun roba da toka sun daskare a jiki, kwanson ya sami abin kamawa. Mutane da yawa suna goge cikin bututu har ya yi ƙyalli, su manta da santimita bakwai na farko, inda harsashi ke zama, saboda ya fi sauran bututun faɗi kuma buroshin da ya cika bututu bai cika taɓa bangonsa sosai ba. Bindigar da ta kwana wata huɗu cikin jakar fata ko a jingine a kusurwar ɗaki mai laima, a nan tsatsa ke fara kama ta.

Kwanson da kansa zai gaya maka gaskiya, saboda haka daga yau kada ka jefar da wanda ya maƙale. Ɗauke shi ka juya shi a rana. In ka ga leɓen gindinsa ya yage ko ƙugiya ta ciro ɓarin ƙarfe daga jikinsa, ƙugiyarka lafiya lau take, ta yi iya ƙoƙarinta, mazaunin ne ya riƙe. In ka ga ƙarfen gindin ya yi zane-zane ko ya ɗauko ja-ja na tsatsa, magana ta ƙare. In kuwa mariƙi ya dawo baya salin-alin amma kwanson ya zauna a ciki, leɓensa ko ƙwarzane babu, to ƙugiyar ce ke zamewa: ko bakinta ya guntule, ko ɗan sifirin da ke bayanta ya cushe da dauɗa. Sa farce ka ɗaga ta, ya kamata ta yi maka gardama ta koma da ƙarfi. Tsarin 870 ƙugiya ɗaya gare shi, Mossberg biyu, dama da hagu.

Sai ka duba bakin kwanson, inda ya buɗe. In ya yi yaga-yaga kamar an tauna, tsaya ka karanta rubutun da ke jikin bututun bindigarka. Za ka ga an buga 70 ko 76, wato milimita, ko kuma inci 2¾ ko inci 3. Wasu ƙalilan 89 ne, inci 3½. Wannan tsawon, tsawon kwanso ne bayan ya buɗe, ba kafin ba. Shi ya sa harsashi mai 76 yake shiga mazauni mai 70 ba tare da wata gardama ba, mutum ya ɗauka daidai ne. In ya tashi, bakinsa ba ya samun wurin buɗewa sai cikin ƙuncin bututu, matsin ya ƙaru fiye da yadda aka tsara, kwanson kuma ya maƙale. Gajere a dogon mazauni babu laifi. Dogo a gajeren mazauni haramun ne a wannan sana'a, ko da bindigar ta sha jurewa.

Akwai kuma abin da mutane ba su cika sani ba. Gindin harsashi da kake gani ruwan tagulla, yawancin masu araha na yanzu ba tagulla ba ne, baƙin ƙarfe ne aka yi wa rufi. Samo mayen ƙarfe daga tsohuwar lasifika ka kanga masa, za ka ga ya manne. Tagulla in ta buɗe tana komawa, baƙin ƙarfe ba ya komawa kamar ta. Mazauni mai santsi yana ɗaukar kowanne, amma wanda ya fara kaushi zai saki mai tagulla ya riƙe mai ƙarfe. In ka canza kwalin harsashi a daidai lokacin da matsalar ta fara, ka sa wannan a lissafi. Harsashin da aka sake ɗurawa a gida kuwa, ban yarda da shi ba ko kaɗan. Gindinsa ya riga ya buɗe tun harbin farko, ba ka san yawan abin da aka zuba masa ba, kuma in albarushin gargajiya aka sa, tokarsa tana jan laima ta ci ƙarfe cikin kwana ɗaya ko biyu. Sau da yawa shi ne asalin tsatsar da ake ɗora wa damina laifinta.

Gyaran mazauni ba shi da wuya. Ka kai mariƙi tsakiya, ka kwance murfin da ke ƙarshen bututun ƙasa, ko sukurun da ke wurin in Mossberg ce, ka zare bututun harbi gaba ɗaya. Haska mazaunin da tocilar waya ka gani. Sai ka sami buroshin tagulla na goge bindiga, ka naɗe shi da soson ƙarfe mafi laushi, wanda aka rubuta wa 0000, irin na masu fentin kujeru. Ba soson wanke tukunya ba, wannan zai yi maka ɓarna. Zuba mai, ka shigar daga baya, ka riƙa juyawa kana kai da komowa a iya tsawon mazaunin. Da hannu ma yana yi, sai dai ya ɗauki lokaci. In za ka sa injin huda katako, to a hankali, daƙiƙa ashirin ko talatin, ka tsaya, ka goge da tsumma, ka sake haskawa. Tsumman farko zai fito ja ko baƙi ƙirin. Ka ci gaba har ya fito fes, bangon ya yi santsi in ka shafa da ɗan yatsa. Abin da ake nema a kawar da tsatsa da dauɗa, ba a faɗaɗa ramin ba. Samfefa da magagari suna faɗaɗa shi, kuma mazaunin da ya faɗaɗa kwanso zai ƙara buɗewa a cikinsa, wani lokaci ya tsage, hayaƙi mai zafi ya dawo wajen fuska. In bayan gogewa ka ga ramuka masu zurfi da farce ke maƙalewa a ciki, tsatsar ta riga ta ci jiki. Wannan sai masani ya gani, kuma sau da yawa maganinsa sabon bututu ne. Bayan ka gama, share man tas. Mazaunin harsashi a bushe ake harbi da shi.

In kwanso ya sake maƙale maka a daji kafin ka yi wannan aiki, kuma ka tabbata ya tashi, ka ji ƙara ka ji duka a kafaɗa, to ka zura siririyar sanda miƙaƙƙiya ta baki ka ɗan bubbuga, wani yana jan mariƙin. In akwai ko ɗigon shakka cewa bai tashi ba, babu abin da za a zura ta baki.

Yanzu harsashin da ke kuɓucewa. A bakin bututun ƙasa akwai 'yan ƙarafa biyu dogaye, ɗaya a dama ɗaya a hagu, aikinsu tsaron ƙofa. Sandunan mariƙi ke motsa su bi da bi, ɗaya ya saki harsashin farko, ɗayan ya tare na bayansa. Kafin ka zarge su, duba yadda kake lodi. Dole ka tura kowane harsashi da babban yatsa har ya wuce matarin, ka ji ɗan ƙas. Mai gaggawa yakan saki kafin nan, sai sifirin ya turo harsashin baya. A Mossberg faɗowa ƙasa kawai zai yi, domin cokalinta yana ɗage a sama in bindiga tana rufe. A tsarin 870 cokali yana ƙasa, sai harsashin ya haye samansa ya shige ƙarƙashin sakata, mariƙi ya ƙi motsi. Remington ta gyara wannan tun tsakiyar shekarun 1980: in ka juya bindigar ka ga an yanka wa cokalin wani tsagi mai siffar harafin U, to ja mai ƙarfi ɗaya zai wuce da shi. In cokalin sumul yake, tsohon tsari ne, sai ka cire ƙusoshin gidan kunama biyu ka sauke shi, harsashin ya faɗo. Kada ka yi kokawa da mariƙi alhali harsashi mai rai yana matse a ciki.

In lodinka daidai ne amma abin bai daina ba, sai a buɗe. Ɗauki hoto da waya a kowane mataki, zai cece ka wajen mayarwa. Duba bakin mataran biyu, ko ya cinye ya zama zagaye, ko dauɗa ta cika bayansu har ba sa komawa wurinsu. A 870 an danne su ne a jikin uwar bindiga, bai kamata su faɗo ba, in ɗaya ya faɗo to dannewar ta saki, kuma mayar da ita aikin mai kayan aiki ne. A Mossberg kuwa sake suke, kana sauke gidan kunama za su zubo, wannan ba lalacewa ba ce. Ka kula da yatsunka, gefunan cikin uwar 870 suna da kaifi, suna yanka ba ka ji ba sai ka ga jini a tsumma. Sanduna biyun kuma ka ɗora su a kan tebur mai shafe ka gani ko sun lanƙwashe. Ga mai buga gindin bindiga da ƙasa wannan ba abin mamaki ba ne, kuma sanda in ta lanƙwashe, lokacin buɗe mataran ya rikice. Ka ga yadda matsalar farko ke iya haifar da ta biyu.

Bututun ƙasa shi ne wurin da aka fi mantawa da shi. Cire sifirinsa, amma ka tare da tafin hannu, yana fitowa da ƙarfi kuma ido yake nema. A Mossberg 500 ƙarshen bututun a rufe yake, sai an kwance shi daga uwar jiki. Za ka iya tarar da tsatsa, ƙasa, har da ƙwayar ciyawa. Goge shi da tsumma a kan sanda, sannan ka saka ƙoƙon shi kaɗai ka karkata bututun. Ya kamata ya zame daga wannan ƙarshe zuwa wancan da nauyin kansa. In ya tsaya a wani wuri, shafa bayan bututun a daidai nan, za ka ji ɗan lotsawa, wataƙila daga faɗuwa a kan dutse ko ɗauri a babur. Sifirin da ya yi tsatsa ko ya gajarce a canza shi, kada a ja shi da hannu don ya ƙara tsawo, kwana biyu zai koma. Wannan bututu ma a bushe ake barinsa. Wani abu kuma, in ka ga bindiga harsashi biyu kawai take karɓa a ƙasa, ba ta lalace ba. Dokar Amurka ta hana farautar tsuntsaye masu ƙaura da bindigar da ke ɗaukar fiye da uku, shi ya sa da yawa suke zuwa da ɗan sanda na katako ko roba a cikin sifirin.

Ban manta da hannu ba. Irin wannan bindiga ba ta son lallashi. Ja har ƙarshe sai ka ji ta bugu, tura har ƙarshe sai ka ji ta kulle. Wanda ya ja rabi, musamman in zabi sun tashi gaba ɗaya zuciya tana bugawa, ko dai kwanso ya tsaya a taga, ko ya rufe bindiga a kan mazauni wayam. In kwanso yana fitowa daga mazauni amma ba ya ficewa ta taga duk da ka ja da ƙarfi, duba ɗan ƙarfen da ke cillo shi a bangon hagu. A Mossberg sukuru ɗaya ke riƙe da shi, sukudireba ta isa. A 870 ribit aka yi masa, ba aikin gida ba ne.

Sai ranar da ta yi ƙas. Duk lokacin da haka ta faru, kada ka buɗe nan take, kada ka juyo da ita ka leƙa. Riƙe ta a saitin da take, ka ƙirga daƙiƙa talatin, domin harsashin da ya sha laima yakan yi jinkiri sannan ya tashi. Bayan nan ka buɗe, tagar tana kallon nesa da kai, ka duba. In babu harsashi a ciki, ja ne bai kai ba, ko bututun ƙasa bai bayar ba. In akwai, dubi cibiyar gindinsa. Rami mai zurfi, kamar na sauran kwansunanka, yana nufin bindiga ta yi aikinta, harsashin ne matacce. Rami ɗan kaɗan yana nufin allura, wato siririn ƙarfen cikin sakata da guduma ke bugawa ya soki cibiyar, ba ta buga da ƙarfi ba. Babu rami sam, ko dai sakata ba ta gama kullewa ba, ko bakin allura ya karye.

Kafin ka kwance sakata, taɓa murfin da ke riƙe bututu. In ya saki ko da zagaye ɗaya ne, bututun yana ɗan matsawa gaba, bugun allura ya yi rauni. Ƙara masa ƙarfi da hannu kawai, ban da filaya. Wannan ɗan abu ya sa an kwance bindigogi da yawa a banza. In murfin a ɗaure yake, to ramin da allura ke gudu a ciki ne ya cushe. Danna gindin allurar da ɗan tsinke, ya kamata bakinta ya leƙo ta fuskar sakata, zagaye sumul, ta koma da kanta in ka saki. In tana tafiya da nauyi, jiƙa sakatar a kananzir, ka girgiza, ka bari ta tsane sarai. Ba a cika wannan rami da mai.

Maganar mai tana da muhimmanci a ƙasarmu fiye da yadda littafin masu ƙera bindigar ya nuna, don su ba su san hunturunmu ba. Mai da yawa in ya haɗu da ƙurar hunturu sai ya zama kamar kunun kanwa da ya kwana, ya riƙe allura, ya riƙe ƙugiya, ya riƙe matarai. Man gyaɗa da manja suna daskarewa su yi danƙo. Baƙin man da aka juye daga inji cike yake da dauɗa. Fetur yana ɓata roba da fentin katako, ga haɗarin wuta. In babu man bindiga, man keken ɗinki ya wadatar: ɗigo a kan kowace sanda, ɗigo a gefen sakata, ɗigo a ƙugiya, sannan a bi da tsumma har sai ƙyalli kawai ya rage. Da damina ne ake ƙara wa bayan ƙarfe mai, a fitar da ita daga jaka, a riƙa dubawa duk mako.

Akwai abin da ba ka tambaya ba amma ba zan rufe ba tare da shi ba, don ya fi duk na sama haɗari. In ka harba ka ji ƙarar ta yi rauni, ko dukan kafaɗa bai kai yadda ka saba ba, kada ka sake harbi. Mai yiwuwa toshiyar robar da ke cikin harsashi ta tsaya a tsakiyar bututu, kuma harbi na biyu a kanta yana kumbura bututu ko ya fasa shi daidai inda hannun hagunka yake. Sauke harsasai, cire bututu, ka leƙa ta baya ka ga haske zagaye. Haka za ka yi duk ranar da za ka fita, da duk lokacin da bakin ya taɓa laka. Bindigar da aka rataye wata da watanni, zanzaro yana shiga ya gina ɗakinsa na laka a ciki, tsawon yatsa daga baki, daga waje ba ka ganin komai. Rufa wa bakin tsohuwar safa daga waje, kada ka cusa tsumma a ciki, don wanda aka cusa ana mantawa da shi. Kuma kada harsashi lamba 20 ya taɓa shiga aljihu ɗaya da lamba 12. Lamba 20 shi ne ƙarami, yana zamewa ya wuce mazauni ya tsaya a gaba, mutum ya ga wayam ya ɗora lamba 12 a bayansa. Yawancin lamba 20 rawaya ake yin su saboda wannan dalilin.

Gidan kunama kuwa, iyakarka da shi wanki. Jiƙa shi a kananzir yadda yake, ka bi da tsohon buroshin haƙori, ka bari ya bushe, ɗigon mai kaɗan. Kada ka ja kunama alhali yana waje ka bar guduma ta bugi banza, kada ka warware shi, kuma kada kowa ya goga maka haƙoran da ke riƙe guduma da sunan a sa kunama ta yi laushi. Bayan ka mayar, gwada ta babu harsashi: sa maɓallin tsaro ka ja kunama da ƙarfi, bai kamata guduma ta faɗi ba. Cire maɓallin ba tare da taɓa kunama ba, nan ma kada ta faɗi. Rufe mariƙi da ƙarfi sau da yawa ka saurara. In ta faɗi da kanta ko sau ɗaya, ko bindigar ta taɓa tashi lokacin rufewa, ajiye ta, ba ta sake ganin harsashi sai ta je hannun masani. Haka in ka ga tsaga a uwar jiki, kumburi a bututu, ko makullin sakata ya cinye. Walda ba ta gyara ko ɗaya daga cikin waɗannan.

A Najeriya dokar makamai ta 1959 ba ta bar gyaran bindiga a hannun kowa ba, sai wanda aka ba izini, don haka ka tambayi ofishin 'yan sandan da ke kula da takardunka su nuna maka inda aka amince a kai. Wanki da shafa mai naka ne, canza kayan ciki nasu ne. In tafiyar ta kama, ka tafi da ita babu harsashi, a cikin jaka, takardunka a aljihu.

Ga shawarata kan tsarin aikin. Kada ka canza abu biyu a lokaci ɗaya, in ba haka ba ba za ka san wanne ya yi magani ba. Fara da goge mazauni da wankin sakata da bututun ƙasa. Sannan ka sami sabon kwalin harsashi na kamfani, mai tsawon da aka rubuta a bututunka, wanda bai kwana a mota cikin zafi ko a ɗaki mai laima ba, ka je inda yake halal kuma babu kowa a bayan abin da kake saiti, ka harba biyar ɗaya bayan ɗaya, kana sa guda-guda. In duka sun fito ba gardama, sai ka loda bututun ƙasa ka gwada ciyarwar. Kwanson kowane harbi ka ajiye shi bi da bi. In wani ya sake maƙalewa, sa shi a leda daban tare da wanda ya ƙi tashi ran nan, in yana nan, ka tafi wa mai gyara da su, ka gaya masa a ina mariƙin ya tsaya. Allah ya tsare, ya ba da sa'a.